Tsofaffin hotuna uku, kuma ana son a wanke ɗaya babba: daga ina za a fara?

Bashir: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sana'a. Hotuna uku ne a hannuna. Na farko hoton situdiyo ne na marigayi mahaifinmu, inci 3.5 da 5, na shekarun 1980, ya koma ja-ja, takardar kuma irin mai ƙuraje-ƙurajen nan ce kamar saƙar zuma. Na biyu an ɗauke shi da tsohuwar Nokia, mutum tara a ciki, kwamfuta ta nuna girmansa fiksil 640 da 480, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton. Na uku ta WhatsApp aka turo, ya bi hannun mutane da dama. Na farkon ake son a wanke inci 12 da 16 a sa a firem. Na gwada manhajar gyaran hoto ta Remini a kansa, ya fito tas, amma tsagar fuskarsa ta ɓace, hancin ma kamar ba nasa ba. Mene ne abin yi?

Malam Lawan: Wa alaikumus salam Bashir. Allah ya jiƙansa da rahama. Kafin komai, da me ka shigar da na farkon cikin waya? Idan ɗaukarsa ka yi da waya a hannu, da dare, ƙarƙashin ƙwan lantarki, to tun nan aikin ya lalace, manhaja ba ta da laifi sosai. Hoton takarda yana da bayanin da ya fi wanda wayarka ta kwaso. A sikana za ka sa shi, a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci. Inci 3.5 da 5 a dpi 600 zai ba ka fiksil 2100 da 3000. Idan an yanke shi ya dace da firem na 12 da 16 za a samu 2100 da 2800, wato fiksil 175 a kowane inci. Ga hoton da za a rataye a bango ana kallonsa daga nesa, wannan ya wadatar, ko manhajar ƙara girma ba a taɓa ba.

Sai dai ka tsaya a kan mai sikanin. Yawancin shagunan kwamfuta an saita na'urarsu don takardun makaranta ne: dpi 200 ko 300, ta fitar maka da PDF, ta ƙara wa baƙi baƙi ta ƙone fari. Ka ce ya zaɓi yanayin hoto, ya kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta, musamman na ƙara kaifi da na gyara launi, ya ajiye a TIFF, nau'in fayil ɗin da ba ya zubar da bayanin hoto. Idan babu TIFF, PNG. Idan na'urar tana da launi mai bit 48, wanda ya fi na bit 24 da aka saba riƙe bayanin launi, a zaɓe shi. Fayil ɗin zai kai kusan megabait 38, kada ya ba ka tsoro, ka je da filashinka.

Sadiƙu: Allah ya gafarta Malam, me zai hana a sa dpi 2400 gaba ɗaya a huta? Ai gara a kwashi da yawa.

Malam Lawan: Sadiƙu, abin da ba ya cikin takarda ba zai fito ba ko ka sa 4800. Hoton da aka wanke a situdiyo ainihin bayaninsa ba ya wuce abin da dpi 300 zuwa 400 ke kamawa. Ana sa 600 ne don a samu sararin aiki lokacin goge karce da daidaita karkata. Daga nan zuwa sama, ƙura da gashin takarda kawai kake ƙara wa girma. Inda ake hawa 1200 shi ne ƙaramin hoto irin na fasfo, milimita 35 da 45, ya ba ka wajen 1650 da 2120. Nagatif kuwa maganarsa daban ce. Idan Bashir zai samu nagatif ɗin hoton nan a cikin wani tsohon ambulan, ya yar da zancen takardar. Fim ɗin milimita 35 a dpi 2400 yana ba da wajen fiksil 2270 da 3400, kuma bayani ne na gaske, babu saƙar zuma a kansa. Amma sai da sikana mai fitila a murfi, irin su Epson V600.

Anti Hadiza: Bari in ɗauki zancen tsagar, don shi ne ya fi damuna a tambayar. Bashir, abin da ka gani ba kuskuren latsawa ba ne, haka irin waɗannan manhajoji suke aiki. Ba fuskar da ke cikin hoton suke wankewa ba. Sukan yanko fuskar, su duba inda ido da hanci da baki suke, sannan su zana sabuwar fuska mai kama da ita daga cikin dubban fuskokin da aka koya musu. GFPGAN, wani mai gyaran fuska irin wannan da masu bincike na kamfanin Tencent suka fitar a 2021, an horar da shi a kan tarin hotuna 70,000 da aka kwaso daga Flickr, ana kiran tarin FFHQ. Fuska nawa kake jin akwai a ciki mai bille ko kalangu ko tsagar Gobirawa? Don haka idan ta ga layi a kumatu, karce take ɗaukarsa, ta shafe shi kamar yadda za ta shafe ninkin takarda. Haka take yi wa tabon sallah a goshi, wani lokaci ta haskaka fata, ta siranta hanci, ta jera haƙora ta toshe wushirya.

A 2020 an yi ta cece-kuce a kan wata manhaja mai suna PULSE da aka ƙirƙira a Jami'ar Duke ta Amurka. Wani ya ba ta hoton Barack Obama da aka mayar dishi-dishi, ta fito da fuskar Bature. Manhajojin yau sun fi wannan ƙwarewa nesa ba kusa ba, amma tushen aikin bai canza ba: zato suke yi, su cike gurbi da abin da suka saba gani.

Sadiƙu: To amma Anti, ba za a ce a daina amfani da su ba ai. Mutane suna ganin sakamakon suna farin ciki. Wanda ya kawo hoton kakarsa yana son ya ga ido tar-tar, ba dishi-dishi ba.

Anti Hadiza: Ban ce a daina ba, ƙanena. Na ce a riƙe mata linzami. Ga yadda ake yi. Ka buɗe hoton asali a manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, GIMP ko Photoshop, shi ne shimfiɗar ƙasa. Ka ɗora wanda manhaja ta gyara a samansa, girmansu ɗaya, ka daidaita su ido a kan ido. Ka sa wa na saman abin rufewa, wanda suke rubuta Layer Mask, ka cika shi da baƙi, ya ɓoye gaba ɗaya. Sai ka ɗauki burushi mai laushi, farin launi, ƙarfinsa kashi 20 zuwa 30, ka riƙa buɗe wuraren da gyaran bai canza kama ba: gashin gira, gefen leɓe, ƙwayar ido, gemu. Kumatu inda tsaga take, da hanci, da goshi, kada ka taɓa, ka bar na asali. A ƙarshe ka rage ƙarfin shimfiɗar saman gaba ɗaya zuwa kashi 40 ko 50. Sannan ka riƙa kunna ta kana kashewa. Idan fuskar tana motsi, wato hanci yana matsawa ko ido yana buɗewa fiye da da, ka wuce gona da iri, koma baya.

Wanda ke amfani da manhajar gyaran fuska ta CodeFormer kuma, akwai lamba da ake saitawa daga 0 zuwa 1. Kusa da 0 tana ba da fuska mai kyau amma ta wani, kusa da 1 tana manne wa asali. Ga hoton iyali kada a sauka ƙasa da 0.7.

Ummi: Ƙari a kan maganar Anti: ba fuska kaɗai ke shan wannan wahalar ba. Ku duba aikin hula, zanna bukar ko kube, da aikin wuyan babbar riga irin su aska takwas. Manhaja ba ta san zanen ba, sai ta mayar da shi wasu layuka masu narkewa kamar an zuba wa tawada ruwa. Atamfa ma haka, lalle a hannu ma haka. Rubutu ya fi kowanne muni. Allon shago ko lambar mota a bayan mutum za ta fito da haruffa masu kaifi waɗanda ba boko ba, ba ajami ba. Duk waɗannan wuraren a rufe su, a bar na asali ko da da ɗan hazo.

Alhaji Ɗanjuma: Gaskiyar Ummi. Kuma saboda wannan ƙirƙirar ne a 2024 wata kotu a jihar Washington ta Amurka ta ƙi karɓar bidiyon da aka ƙara wa kyau da irin wannan fasaha a matsayin shaida. Duk wanda aka kawo wa hoton kyamarar tsaro aka ce ya fito da fuskar ɓarawo, ya yi hattara. Fuska za ta fito, amma tana iya zama ta maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba.

Bashir: Na gode ƙwarai, na fahimci wannan. To saƙar zumar fa? Da na ɗauka da waya sai ta fito kamar an yayyafa masa farin gero.

Malam Lawan: Wannan ƙyallin haske ne a kan tudun kowane ƙurji, da inuwa a gefensa. Kuma dole a cire shi kafin a kai hoton ga kowace manhajar ƙara girma, in ba haka ba za ta ɗauke shi a matsayin bayani ta ƙara masa kaifi, fuska ta koma kamar ta mai ƙyanda.

Hanya ta farko ta sikana ce. Fitilar sikana daga gefe guda take haskawa, don haka inuwar ƙurajen gefe guda take faɗawa. Ka yi sikanin sau ɗaya, ka juya hoton kai ƙasa, digiri 180, ka sake yi ba tare da canza saiti ba. A kwamfuta ka juyo na biyun, ka ɗora a kan na farko, ka daidaita su, ka sa ƙarfin na sama kashi 50. Inda wannan ke da haske wancan yana da inuwa, sai su kashe juna. Wahalar tana wurin daidaitawa, domin kan sikana ba ya tafiya daidai wa daida, za ka ga kusurwa ɗaya ta hau, ɗaya ta zame da fiksil biyu ko uku. Photoshop yana da Auto-Align Layers da ke yin wannan. A GIMP da hannu ne, kuma fuska za ka fi bai wa muhimmanci, bango ya zame ba komai.

Hanya ta biyu ita ce ta Fourier. A cikin G'MIC, wanda ake ƙara wa GIMP kyauta, akwai tacewa mai wannan sunan. Tana juya hoton ya koma wani fili mai ruwan toka da tauraro babba a tsakiya da ƙananan taurari jere a kewaye. Waɗannan ƙananan su ne saƙar zumar, domin abu ne mai maimaita kansa a tazara ɗaya. Ka shafe su da ɗan burushi baƙi, ɗaya bayan ɗaya, kada ka taɓa na tsakiya da layukan da suka ratsa shi, sannan ka juyo da hoton. Idan ka yi daidai, zanen zai tafi fuska ta tsaya da kaifinta. Idan burushin ya yi faɗi, za ka ga wasu igiyoyi kamar na ruwa a gefen hoton. Wannan hanyar ita ce kuma maganin hoton da aka yanko daga jarida ko kalanda, mai ɗigo-ɗigo.

Abin da ba a yi shi ne a sa tacewar da ke dusashe hoto gaba ɗaya don ƙurajen su ɓace. Za su ɓace, tare da ido da gira.

Sadiƙu: Wanda ba shi da sikana kusa fa? Ba kowane gari ne ke da mai kyau ba.

Ummi: Waya za ta yi idan an bi ƙa'ida. A fita da hoton inuwa da rana, ƙarƙashin rumfa ko bakin zaure, ba cikin rana kai tsaye ba, kuma a kashe filasha. A shimfiɗa shi a kan baƙin ƙyalle. A goge idon kyamara, wannan kaɗai yana raba hoto mai hazo da mai kyau. Wayar ta kasance a saman hoton daidai, ba a karkace ba, a jingina ta a kan tarin littattafai ko bakin tebur, a sa mata ƙidayar daƙiƙa 3 don hannu kada ya girgiza ta. Idan tana da ido na biyu mai kusantowa ninki 2, a yi amfani da shi a ja baya kaɗan, domin babban idon yana kumbura tsakiyar hoto idan an matso. Idan ba ta da shi, kada a ja da yatsa, yankewa kawai take yi. A kashe abin gyaran fuska na kyamarar, wayoyi da yawa suna zuwa da shi a kunne. A cikin ɗaki kuma fitilu biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce a karkace digiri 45. Manhajar PhotoScan ta Google tana ɗaukar hoto daga kusurwoyi huɗu ta haɗa don cire ƙyalli, tana da amfani ga hoton da ke bayan gilas, sai dai girman da take fitarwa bai kai wanda kyamarar wayar ke bayarwa kai tsaye ba.

Alhaji Ɗanjuma: Tunda an ambaci gilas: hoton da damina ta manne shi da gilashin firem, kada a ɓamɓare. Fatar hoton ce za ta bi gilas, takarda ta zo fara. A goge bayan gilashin a ɗauke shi a haka. A nan ƙananan sikana na jikin firinta ba sa yi, domin abin da ya taɓa gilashinsu kaɗai suke gani da kaifi, kaurin gilashin firem ya isa ya sa hoton ya dusashe. Sai sikana babba mai zurfin gani, ko kyamara. Kuma a daina kai tsohon hoto a yi masa laminatin. Zafi da gam ne, ba a cire shi, kuma ranar da ruwa ya shiga ta gefe launin zai narke a ciki ana kallo. Ƙura a hure ta ko a share da burushi mai laushi. Ruwa, yawu, turare, fetur, duk babu.

Bashir: Madalla. Saura jan launin, da kuma sauran hotunan biyu.

Anti Hadiza: Jan launin shi ne mafi sauƙi a duk abin da ka lissafa. Hoton kala na wancan zamani rini uku ne a jere cikin takarda: rawaya, ja mai ruwan hoda, da shuɗi mai ruwan kore. Ba sa koɗewa tare. Sau da yawa shuɗin ne ke riga tafiya, sai ja ya rinjayi hoton. Ka buɗe Levels, wurin daidaita haske da duhu a GIMP ko Photoshop, amma kada ka taɓa shi a dunƙule. Zaɓi ja shi kaɗai. Za ka ga tudun bayani bai kai bango ba ta hagu ko ta dama. Ka jawo alamar baƙi zuwa inda tudun ya fara, alamar fari zuwa inda ya ƙare. Ka yi wa kore haka, ka yi wa shuɗi haka. Yawancin jan zai tafi nan take. Abin da ya rage sai ka ɗauki abin ɗiban launi na ruwan toka ka taɓa wani abu da ka san ba shi da launi, kamar daɓen siminti ko bangon situdiyo mai ruwan toka.

A nan mutane ke faɗawa rami: su taɓa farar riga. Farar rigar da aka wanke da bula ba fara ba ce, tana da shuɗi-shuɗi, idan ka tilasta mata zama fara ƙal fuskar mutum za ta koma rawaya kamar mai shawara. Shadda mai sheƙi kuma tana ƙonewa a hoto, babu bayani a wurin balle a auna da shi. Amfanin bit 48 da Malam ya ce a nan yake fitowa: idan ka ja launin da ya koɗe sosai a bit 24, bango zai rarrabu hawa-hawa kamar matakala.

Ga masu baƙi da fari kuma, a yi sikaninsa da kala duk da haka. Tabon rawaya na tsufa ko na shayi yana fitowa baƙi a sashen shuɗi, amma a sashen ja kusan ba a ganinsa. Sai ka ɗauki sashen ja ka yar da sauran, tabo ya tafi ba ka goge komai ba.

Malam Lawan: Na Nokia kuwa sai haƙuri, Bashir. 640 sau 480 fiksil 307,200 ne, bai kai sulusin megafiksil ɗaya ba. A ƙa'idar wanki ta dpi 300 girmansa inci 2.1 da 1.6 ne, kamar kwalin ashana. Mutum tara a ciki, ke nan kowace fuska faɗinta bai fi fiksil 30 ko 40 ba, ido ɗaya fiksil uku ko huɗu. Manhajar gyaran fuska tana aiki a kan fili mai 512 da 512. Ka lissafa da kanka nawa za ta ƙirƙira. A ganina duk fuskar da ba ta kai fiksil 60 a faɗi ba, a kashe gyaran fuska kwata-kwata.

Ninki 2 za ka yi masa, ya koma 1280 da 960. A wanke shi inci 4 da 6, wato wajen fiksil 213 a inci bayan an yanke sama da ƙasa kaɗan. Zai yi kyau a albam. Ninki 4 kuwa 2560 da 1920 ne, ma'ana a cikin kowane fiksil 16, guda 15 na'ura ce ta kawo su.

Sadiƙu: Malam a nan ina da ja. Upscayl, manhajar ƙara girman hoto, ninki 4 yake yi, kuma sakamakon ya fi na ninki 2 da aka yi da tsohuwar hanyar miƙe hoto kawai kyau. Na ga bambancin a gefen abubuwa, babu matakalar nan.

Ummi: Ku biyun kuna da gaskiya, kuma ana haɗa su. A bar Upscayl ya yi ninki 4, sannan a rage sakamakon da rabi a GIMP, a zaɓi LoHalo ko Cubic. Ragewar tana danne yawancin ƙirƙirar da santsin roba, ta bar gefuna masu tsafta. Sannan a ɗora shi a kan na asali da aka ƙara wa girma ta tsohuwar hanya, a haɗa su rabi da rabi. Abubuwa uku game da Upscayl: kyauta ne kuma a cikin kwamfutarka yake aiki ba sai da intanet ba; yana buƙatar katin hoto mai goyon bayan Vulkan, don haka tsohuwar laftof tana iya fitar da baƙin hoto ko ta tsaya cak; kuma kada a zaɓi samfurin da aka yi don zane-zane, yana mayar da mutane kamar 'yar tsana. Maɓallin ninkawa sau biyu a bar shi ya huta.

Zancen aiki ba intanet ba ƙaramin abu ba ne. Manhajojin waya irin su Remini suna aika hoton zuwa kwamfutocin kamfani ne a gyara a dawo da shi. Wanda zai sa hoton iyayensa mata na cikin gida ya san da wannan tukuna.

Anti Hadiza: Kuma kafin ninkawar, a cire gidajen dara. JPEG yana yanka hoto gida-gida ne, fiksil 8 da 8, ya zubar da bayanin da yake ganin ido ba zai lura ba, launi kuma yakan rage shi zuwa rabi ta kowane gefe. A ƙaramin hoto ka zuƙo za ka ga gidajen, da wani ƙaiƙayi-ƙaiƙayi kewaye da kan mutum. A rage su da tacewar rage hayaniya, da sauƙi, a fi ƙarfafa ta ɓangaren launi. Idan hoton ya girgiza ne lokacin ɗauka, har ana ganin gefen fuska biyu, ƙara girma ba ya gyara wannan, hanci biyu zai ba ka masu kaifi.

Alhaji Ɗanjuma: Na WhatsApp ɗin kada ka ɓata lokaci a kansa tukuna, ka bi sawunsa. WhatsApp yana rage hoto zuwa wajen fiksil 1600 a dogon gefe ya sake matse shi, sai in an zaɓi HD, wanda suka kawo a 2023, shi ma da matsi. Wani kuma ba ajiyewa yake yi ba, hoton allon wayarsa yake ɗauka ya tura, wani ya ɗauko daga hoton fuskar akawun. Ka tambayi wanda ya turo maka wa ya ba shi, har ka kai ga wayar da ta ɗauka ko mai takardar. Shi kuma ya turo a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, ko ta Xender, ko Bluetooth, ko a kwafa daga katin ajiya. A duba tsohon akawun na Google Photos da Facebook ma. Na Facebook yana iya kaiwa 2048 a dogon gefe, ya fi wanda ya zaga gari. A katin ajiya a lura: babban fayil yana cikin DCIM, na cikin .thumbnails 'yan ƙanana ne na leƙe. Kiran waya biyu zai iya ba ka abin da kwana uku a gaban kwamfuta ba zai ba ka ba.

Bashir: Allah ya saka da alheri. Don kada in rikice, wanne ke gaba da wanne a aikin na farkon?

Malam Lawan: Ka kwafi fayil ɗin sikanin ka ɓoye ɗaya, ba a taɓa shi har abada. A kan kwafin: daidaita karkata da yanke gefe, cire saƙar zuma, gyaran launi, sannan goge karce da ɗigo da Heal, abin goge tabo na manhajar, ɗan ƙaramin burushi, kana zuƙowa kashi 100. Ka sa wani hoton nasa a gefe kana dubawa, don kai ma kada ka goge tsaga da hannunka. Sannan ƙara girma in da buƙata, sannan haɗa fuskar yadda Hadiza ta faɗa. Kaifi shi ne ƙarshe, bayan an kai girman wanki: tacewar ƙara kaifi ta Unsharp Mask, faɗi 1 zuwa 1.5, ƙarfi kashi 60 zuwa 80, iyaka 3. Ka duba inda wuya ya haɗu da farar riga da inda kunne ya haɗu da bango. Baƙar fata a jikin farin tufa ita ce ke fara nuna farin zobe idan kaifi ya yi yawa. Duk tsawon aikin a TIFF kake ajiyewa ko fayil ɗin manhajar, domin JPEG duk ajiyewa sai ya ƙara zubar da wani abu.

Ummi: Mataki ɗaya ya rage kafin a fitar: a yayyafa ɗan tsaki, kashi 2 zuwa 3, mara launi, a kan hoton gaba ɗaya. Wurin da manhaja ta taɓa yana da santsi, wurin asali yana da ɓarɓashin fim, ido yana gane bambancin nan da nan. Tsakin yana haɗa su su zama fata ɗaya.

Sadiƙu: Sa wa baƙi da fari kala fa? Ana yawan nema.

Anti Hadiza: Zato ne tsantsa. Riga shuɗiya da ja mai duhu suna iya zama ruwan toka iri ɗaya a fim, na'ura ba ta da hanyar sani. A tambayi dattawan gida launin rigar, a sa da hannu, a kuma ajiye na baƙi da farin tare da shi.

Alhaji Ɗanjuma: Na wurin wanki, Bashir. Ka fitar da JPEG sau ɗaya, inganci 95, launi sRGB, girmansa daidai da 12 da 16 don kada injin ya yanke masa hula. Ka kai a filashi. Ka ce a kashe gyaran da injin ke yi da kansa, domin yakan ga baƙar fuska ya ɗauka hoton ne ya yi duhu, ya haskaka ta ya ɓata duk aikin launin da ka yi. Ka zaɓi takarda mara sheƙi, ta fi ɓoye laushin hoto, kuma ba ta saurin mannewa. Kafin babban, ka yanko fuskar kaɗai a girman da za ta fito, a wanke maka a inci 4 da 6, ka kai gida wa waɗanda suka san shi su duba. Allon waya yana da haske a bayansa, takarda ba ta da shi, don haka kusan kullum wankin yakan fi duhu kaɗan. Idan ya yi, ka ɗaga tsakiyar layin daidaita haske na Curves kaɗan ka sake gwadawa. Wurin mai firem kuma ka ce ya sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilas, tazarar milimita 2 ta isa, kuma a rataye shi a bangon da rana ba ta bugawa.

Bashir: Na rubuta duka. Gobe in sha Allahu zan fara binciken ambulan ɗin situdiyon, ko nagatif ɗin yana ciki.

Malam Lawan: In ka same shi, ta gefe za ka riƙe, kada yatsa ya taɓa tsakiya. Ka bar shi a cikin ledarsa har ka isa wurin sikanin.